Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ma'aikatu masu zaman kansu na Garwa, a kan ma'aikatanku masu shiru-shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, daraktoci da manajoji da shugabannin sassa na kamfanoni, da ƙananan bankuna, da asibitoci da makarantun kuɗi, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a birnin Garwa na ƙasar Kamaru da kewayensa. Ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa, ku da iyalanku, tare da addu'ar Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku. Na san nauyin ba ƙarami ba ne. Ku ne kuke kwana da tunanin albashin ƙarshen wata, da haraji, da kuɗin man janareta idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta fara ɗaukewa. Ba don na raina wahalarku na rubuto ba.

Ni ma'aikacin lissafi ne. A garin nan aka haife ni, a nan na yi karatu, kuma shekarata 14 ina aiki a ofisoshinsa, a wurare uku daban-daban. Ina magana ne da yawun wasu mutane da ba za ku taɓa ganin sun yi cincirindo a ƙofar ofishinku ba, wato ma'aikatanku masu shiru-shiru. Kun san su. Su ne suke rigan kowa zuwa, su gaisa, su zauna su duƙufa. A taro suna can ƙarshen tebur da biro a hannu. Idan ana neman wanda za a damƙa wa maɓallin akwatin kuɗi, ko lissafin da ya rikice, ko majinyacin da ke bukatar a zauna da shi a natse, sunansu ne ke fara zuwa bakinku. Akwai kashiyoyi a cikinmu, da malaman jinya, da malaman makaranta, da masu kula da sito, da masu aikin kwamfuta. Akwai Hausawa da Fulani da sauran ƙabilun Arewa, da 'yan'uwanmu da suka zo daga Kudu, Musulmi da Kirista. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba. Na zauna da wasu daga cikinsu ɗai-ɗai da biyu-biyu, don haka muka fi iya magana, kuma abin da ke cikin wasiƙar nan namu ne gaba ɗaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata 'yar'uwa da muka yi aiki tare, kashiya, shekara tara tana zaune a kantar karɓar kuɗi ba a taɓa samun ko sisi ya yi ɓatan dabo a hannunta ba. Wata safiya mai babur ya sauke ta a bakin ƙofar ma'aikata, ta tsaya tana kallon ƙofar, ƙafarta ta ƙi ɗagawa. Ta sake tsayar da wani babur ta koma gida. An gwada jininta, ba zazzaɓin cizon sauro, ba taifot. Bayan wata ɗaya ta aiko da takardar ajiye aiki. Da labari ya kai ga shugabanmu, abin da ya ce shi ne: «Ai ba ta taɓa cewa komai ba.» Ban ga laifinsa a ranar ba, gaskiya ya faɗa, kuma na ga damuwa a fuskarsa. Amma maganar ta hana ni barci, domin mu da muke kusa da ita mun fi shekara muna ganin tana ƙarewa. Ta daina cin abincin rana. Murmushin da take yi wa tsofaffin da ke zuwa karɓar kuɗinsu ya ɓace. Takan ƙirga kuɗi sau uku inda da sau ɗaya ya ishe ta. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba wanda ke sama da ya tambaya, mu kuma da muka gani muka yi kawaici.

Abin da ya same ta yana da suna. Likitoci da Faransanci suna ce masa épuisement professionnel, ni kuwa da Hausa zan kira shi gajiya mai cin rai, wadda barci ba ya maganinta. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta bayan ya ga yadda take kama masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, kuma ya lura cewa waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne ta fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a cikin kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce al'amari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta kawo alamu uku: ƙarfi ya ƙare, aiki ya fita daga ran mutum har ya riƙa kallonsa da ƙyama, sannan ƙwazonsa ya ragu. Ina roƙonku ku lura da inda hukumar ta ɗora tushen abin. A wurin aiki ta ɗora shi. Ba ta ce ragwanci ba ne ko raunin zuciya.

Kowa na iya faɗawa cikin wannan hali, mai surutu da mai shiru. To me ya sa na ware masu shiru-shiru? Saboda dalili biyu. Na ɗaya, yadda aka tsara ofisoshinmu a yau ya fi cin ƙarfinsu. Tun 1921 masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya bambanta mutanen da hankalinsu ya fi karkata ga waje da waɗanda nasu ya fi karkata ga ciki. Yawancin mutane suna tsakiya, amma akwai waɗanda cuɗanya da hayaniya ke ƙara musu kuzari, akwai kuma waɗanda cuɗanyar ke zuƙe musu shi, ko da suna ƙaunar mutanen, sai sun keɓe kaɗan kafin su dawo daidai. Wannan hali ne, kamar yadda wani bahago ne wani kuma da dama yake cin tuwo. Ba tsoron mutane ba ne, ba girman kai ba ne. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, idan mai surutu ya gaji kowa zai ji. Zai yi ƙorafi, ya ɗaga murya, ya shigo ofishinku. Idan mai shiru ya gaji, shirunsa ne ke ƙaruwa, ku kuma sai ku ɗauka lafiya lau.

A nan Arewa abin ya fi tsanani, domin tarbiyyarmu ce ta koya mana shirun. A gidan Bahaushe ana yabon yaro da kunya da kawaici da haƙuri. A gidan Bafulatani akwai pulaaku, wato tarbiyyar Fulani, da semteende (kunya) da munyal (haƙuri) a cikinsa, ba a son mutum ya nuna yunwa ko zafi ko gajiya a gaban na gaba da shi. Mun tashi muna jin hadisin da ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Ba na kuka da wannan tarbiyya, ina alfahari da ita, ita nake ba 'ya'yana. Abin da nake kuka da shi shi ne, ku da kuka tashi a cikinta kun fi kowa sanin cewa «ba komai» a bakin ɗan Arewa ba kullum take nufin ba komai ba, amma da kun zauna a kujerar ofis sai ku karɓe ta a yadda aka faɗe ta, saboda ta fi sauƙi.

Zan fara da wurin zama. A 'yan shekarun nan ya zama yayi a rushe bangaye a tara ma'aikata a babban ɗaki guda, wai don a ƙara haɗin kai, kuma na san akwai batun rage kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. A wajenmu mutum goma sha ɗaya aka haɗa. Wannan yana waya da abokin ciniki da Fulatanci, wancan yana gardamar ƙwallo da Faransanci, wata tana sauraron saƙon murya ba tare da abin kunne ba, baƙi suna shigowa gaisuwa, mai tallan goro ya leƙo. A tsakiyar wannan ake so in daidaita lissafin wata, inda sifiri ɗaya ke iya jawo wa ma'aikata asarar miliyoyin sefa. Na kan fara layi ɗaya sau huɗu. Abin da zan gama da ƙarfe goma sha ɗaya na safe sai ya kai ni bayan magariba, lokacin da kowa ya watse, wurin ya yi tsit. Kowa a cikinmu da na tambaya ya faɗi irin haka: aikin gaske bayan an tashi muke yinsa, a lokacinmu, ba tare da an biya mu ba. Haɗin kan da ake nema ma ba lallai a samu ba. A 2018 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun bibiyi ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu kafin a cire bangaye da kuma bayan an cire, sai suka tarar magana fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, mutane sun koma aika wa juna saƙo ta kwamfuta. Wanda aka hana shi bango, da kansa yake gina wani a fuskarsa.

Sai taro. Taron safe, taron sashe, taron bitar taron jiya. Ba a aiko da ajanda, sai mutum ya zauna a ce: «Kai fa, me ka gani?» Wasunmu ba a tsaye suke tunani ba. Ku ba mu batu yau, gobe mu kawo muku amsa wadda ta nuna, da lissafinta da inda za ta iya tangarɗa. Amma idan aka tsare mu nan take, a gaban mutum ashirin, da Faransancin da ga mafi yawanmu shi ne harshe na uku, sai mu ce muna tare da abin da aka faɗa. Wanda bakinsa ya fi kaifi shi ke tafiya da taron. Sau nawa na ga abokin aiki ya faɗi shawara a hankali, ba wanda ya tanka, bayan minti goma wani ya maimaita ta da babbar murya aka yi masa jinjina? Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma yanzu a takardun auna ƙwazo na ƙarshen shekara an shigo da gurabe irin su «kuzari» da «shiga cikin jama'a» da «nuna halin jagoranci», kuma da yawan magana a taro ake cike su. Na san malamar jinya da majinyata ke tambayar ranar aikinta don su zo a ranar, an rubuta mata cewa ba ta da kuzari. Ƙarin girma ya tsallake ta sau biyu. Ku yi tunanin abin da wannan ke yi wa zuciya: mutum ya ba da iyakar ƙarfinsa, sannan a gaya masa a rubuce cewa halin da Allah ya yi shi da shi ne aibinsa.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mana illa, kuma zan daɗe a kansa. Kaya yana gangarowa ne wajen wanda ba ya musu. Idan aiki na gaggawa ya taso da yammacin Juma'a, shugaban sashe yakan duba ɗaki, ya san wane zai kawo uzuri, wance za ta yi ƙorafi, sai idonsa ya sauka kan mai shiru. «Ba shi, ba ya musu.» Na ji wannan magana da kunnena, kuma da nufin yabo aka faɗe ta. Wani ya tafi hutu, aikinsa ya dawo teburinmu. Wani ya bar aiki ba a ɗauki madadinsa ba, aikinsa ya zauna a teburinmu har abada. Ba wanda ya zauna ya ƙulla mana wannan da mugunta. Kowane ƙari shi kaɗai ƙarami ne, kuma kowane shugaba nasa kawai ya sani. Amma jakin da ba ya tirjiya shi ake ta ɗora wa mangala har ranar da zai durƙushe a tsakiyar hanya, sannan a ce ai ba a san yana jin nauyi ba. Christina Maslach, wadda ta shafe shekaru tana nazarin wannan gajiya tun daga shekarun 1970, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun lissafa wurare shida da take ɓullowa: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, rashin sakayya, lalacewar zamantakewa, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. Ma'aikacin da ake tara wa kaya saboda kunyarsa, ba a tambaye shi ba, ba a ƙara masa komai ba, yana kallon na kusa da shi yana hira, ya haɗa huɗu daga cikin shidan a tebur guda.

Akwai kuma waya. Kowace ma'aikata yanzu tana da zauren WhatsApp, wasu uku ko huɗu. Saƙo yakan shigo ƙarfe goma na dare, da ranar Lahadi, da ranar Sallah. Wanda ya ga saƙo bai amsa ba, da safe za a tambaye shi dalili. Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, ta ƙayyade awa 40 a mako ga ma'aikatun da ba na noma ba, ta kuma wajabta hutun mako na aƙalla awa 24 a jere. Ina awa 24 a jere ga wanda wayarsa ke ƙara kowane rabin awa? Faransa, wadda muke yawan kwaikwayon tsarin ofisoshinta, tun Janairun 2017 ta sa wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan an tashi daga aiki. Mun ɗauko babban ɗakinsu da yawan taronsu, wannan kuwa mun bar musu.

Domin ku gane nauyin saƙon dare a kan mai shiru-shiru, sai kun tuna gidan da yake komawa. Gidajenmu a cike suke, alhamdu lillahi: iyaye, ƙanne, 'ya'yan 'yan'uwa da suka zo karatu daga Gidar ko Fitowa, baƙon da ya sauka daga Marwa. Ga gaisuwar rasuwa, ga suna, ga ɗaurin aure, ga dubiya a asibiti, kuma duk haƙƙi ne da ba ma son mu tauye. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa a tsakar gida yake kwana, ko ɗakin da za ka shige ka rufe babu. Idan ka ce kana son ka zauna kai kaɗai, za a tambaye ka wa ya ɓata maka rai. Ni kaina ɗan lokacin da nake samu shi ne tsakanin sallar asuba da fitowar rana, wani lokaci kuma in tsaya a bakin kogin Binuwai minti goma kafin in ƙarasa gida. Wannan ɗan lokacin shi ne rijiyar da muke ɗiba. Idan ofis ya biyo mu har cikinsa, ba sauran inda za mu cika tulu.

A taƙaice zan taɓo shagulgula. Faretin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu da anko da walimar da ke biyo baya, da na ranar mata ta 8 ga Maris, da liyafar ƙarshen shekara, abubuwa ne masu kyau, muna zuwa kuma muna murna. Amma wanda ya yi fareti ya gaisa da kowa ya nemi izinin tafiya kafin a fara kiɗa, bai kamata ranar Litinin a ce ba ya son mutane ba. Haka wanda ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe a lokacin hutun rana.

Hutun shekara kuwa, doka ta ba ma'aikaci kwana ɗaya da rabi na ranakun aiki a kan kowane wata da ya yi, wato kwana 18 a shekara, kuma yana ƙaruwa da daɗewa a aiki. Mai baki yakan karɓi nasa. Mai kunya yakan tambaya sau ɗaya, a ce masa a bari a wuce rufe lissafi, ko a wuce jarrabawa, ko a wuce zuwan masu bincike daga Yawunde, shi ke nan ba zai sake tambaya ba. 'Yar'uwar da na ba ku labarinta ta shekara uku ba ta tafi hutu ba. Yana rubuce a fayil ɗinta, ba wanda ya buɗe.

Idan kuma mutum ya faɗi, sai a shiga neman dalili a ko'ina ban da ofis. A ce sammu ne, ko iska, ko matsalar gida, ko ƙarancin tawakkali. Ni mai imani ne da addu'a, kuma ina yinta. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaya wa sahabin da ya matsa wa kansa da ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, ya kuma hana a ɗora wa masu hidima abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a taya su. In ibada ma an ce a sassauta, ina ga cike takardun rahoto?

Ku dubi abin da duk wannan ke jawowa. Ga ma'aikaci: ciwon kai kullum, rashin barci, hawan jini a shekara talatin da 'yan kai, ƙwayar barci ko ta ƙarin ƙarfi daga masu tallan magani a bakin titi, uban da ya dawo gida ba shi da sauran haƙurin da zai saurari ɗansa. Ga ku kuma: kuskure a lissafi daga hannun da bai saba kuskure ba, kuskuren magani a asibiti, malamin da ya daina duba littafin yara da kyau. Daga ƙarshe takardar ajiye aiki ba gargaɗi, domin mai shiru ba ya barazanar tafiya, tafiya kawai yake yi. Wasu sun koma Duwala ko Yawunde, wasu sun tsallaka Njamena, wasu sun buɗe shago a babbar kasuwa suna samun rabin albashinsu na da, kuma suna cewa sun huta. Wanda ya tafi yakan tafi da abin da ba a rubuta a ko'ina ba: wane abokin ciniki ne ke biya a makare amma ba ya cin bashi, wace takarda ce ke ina tun shekara bakwai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa duniya tana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kusan dala tiriliyan 1. Rabon Garwa yana cikin wannan lissafi, ko da ba a ware shi ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma mafi yawansa ba ya bukatar ko sefa ɗaya.

Ku ware awa biyu kowace safiya da ba taro, ba baƙon gaisuwa, ba waya a bainar jama'a, ga duk sashen da aikinsa ke bukatar natsuwa. Inda aka riga aka rushe bangaye, a keɓe ɗaki ɗaya, ko da tsohon sito ne, wanda mutum zai shiga da aikinsa ya rufe ƙofa ba tare da ya nemi izini ko ya yi bayani ba. Masu zama a kantar karɓar kuɗi da masu karɓar majinyata, waɗanda wuni suke yi suna fuskantar jama'a, a riƙa musanya su da aikin ciki ko da rabin yini ne a mako.

Ku aiko da ajandar taro kwana ɗaya kafin a zauna, ku kuma karɓi shawara a rubuce har zuwa washegarin taron, a ba ta daraja daidai da wadda aka faɗa da baki. Wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Hausa a bar shi ya faɗi ra'ayinsa da su. A takardar auna ƙwazo, a auna aikin da aka gama da ingancinsa. Idan za a rubuta wa mutum cewa ba shi da kuzari, a nuna masa aikin da ya bari bai yi ba.

Kowane shugaban sashe ya rubuta ayyukan da ke kan kowane ma'aikaci a takarda guda, ya duba ta sau ɗaya a wata. Wannan kaɗai zai nuna muku abin da muke faɗa. Idan za a ƙara wa mutum aiki, a tambaye shi wanne zai ajiye. Kuma a daina tambayar «akwai matsala?» a gaban jama'a, domin amsarta a wajenmu kullum «babu» ce. A kira mutum shi kaɗai, minti goma sha biyar a wata, a yi masa tambayar da ke da amsa: ƙarfe nawa ka tashi jiya, yaushe rabonka da hutu, wane aiki ne ya fi ci maka rai.

Ku sanya lokacin da saƙon aiki ke tsayawa, misali daga sallar isha'i zuwa safe da kuma ranar hutun mako, a rubuta shi a manna a allo, ku kuma ku fara kiyayewa. Abin da yake na gaggawa da gaske a kira waya. Hutun shekara a tsara shi tun watan Janairu da sunan kowa da ranarsa, ya zama ofis ne ke tuna wa ma'aikaci, ba shi ne zai yi ta bin shugaba yana roƙon haƙƙinsa ba.

Doka ta ɗora wa kowace ma'aikata tanadin kula da lafiyar ma'aikatanta. Ku nemi likitan da kuke hulɗa da shi ya riƙa tambayar barci da damuwa da nauyin aiki, ba awon jini kawai ba, kuma abin da aka gaya masa ya tsaya a wajensa. Wanda likita ya ba hutu saboda gajiya mai cin rai a karɓi takardarsa kamar yadda ake karɓar ta mai zazzaɓi, ba tare da gunaguni ba.

Ga wakilan ma'aikata da aka zaɓa a ma'aikatun da doka ta tanada, da sufetocin ƙwadago na yankin Arewa waɗanda na san wasiƙar nan za ta kai gare su: idan kun shiga ma'aikata, ku nemi rajistar hutu ku ga su wane ne suka shekara biyu ko uku ba su tafi ba, ku nemi ganin waɗannan mutane su kaɗai. Ba za su zo muku da kansu ba.

Na yarda mu ma muna da namu laifin. Mun ga 'yar'uwarmu tana ƙarewa muka yi shiru, kuma da yawa cikinmu ba su taɓa gwada cewa «ya yi mini yawa» ba. Muna koyo, wasiƙar nan ma ta ɗauke ni wata biyu kafin in iya sakinta. Abin da muke nema a wajenku shi ne idan mun faɗa sau ɗaya, a hankali, ku ɗauka da gaske, domin wanda ya faɗa sau ɗayan ya daɗe yana juya ta a ransa.

Na kai wa shugabannin ma'aikatarmu kwafin wannan wasiƙa hannu da hannu kafin in wallafa ta, na kuma roƙe su mu gwada awa biyun safe da tsayar da saƙon dare na tsawon wata uku, sannan mu zauna mu duba ko aiki ya ragu ko ya ƙaru. Ina roƙon kowannenku ya gwada haka a tasa ma'aikatar.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa albarka a ayyukanku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin lissafi, a madadin 'yan'uwansa masu shiru-shiru,
Garwa, Kamaru.